Shekarar da Na Bi Ɗorawar Unguwar Boro

Tun da aka fara turo mini ku ku koyi zanen tsirrai, ba a taɓa kawo rukunin da bai yi mini tambayar nan ba: me zai sa mutum ya ɓata mako guda a kan ganye ɗaya, alhali waya za ta ɗauke shi kafin ƙiftawar ido? Da can ina bayani har muryata ta dushe. Yanzu sai in miƙa wa mai tambayar reshen zogale da fensir in koma kujerata. Kafin azahar ganyen ya langaɓe, takardarsa ta yi baƙi da gogewa, da kansa yake yin shiru. Tunda yau hadari ya rufe, hasken ɗakin nan bai isa a haɗa launi ba, ku ajiye buroshi ku ji yadda aikin yake.

Ni ba da tsirrai na fara ba. A ɗakin zane na wata masaƙa a Kakuri na fara, ina saurayi, zamanin da jiniya ke tashi da safe ka ga ma'aikata bisa kekuna sun cika titi tun daga Makera. Ubangidana Baba Okoro ne, mutumin kudu maso gabas, amma Hausarsa ta fi ta wasunku tsabta. Aikina na farko wanke buroshi. Na daɗe ina wannan har na ɗauka ya manta da ni. Ranar da ya ga na bar buroshi tsaye da kai a cikin kwalbar ruwa, bai yi faɗa ba. Ya ɗauko shi ya nuna mini yadda gashin ya karkace, ya ce in zana masa layi miƙaƙƙe da shi. Na yi ta yi layin yana rabewa biyu. Ya ce to, da shi zan yi aiki har in san darajarsa.

Abin da muke zanawa fulawar atamfa ce. Wahalarta a baki take: furen da ka yanke rabi a gefen hagu dole ya haɗu da rabinsa a gefen dama, domin injin zai yi ta maimaita shi. In ka kuskure da faɗin gashi ɗaya, wani layi zai bi turmi daga farko har ƙarshe, mata kuwa ba sa yafe wannan. Na ƙware. Akwai atamfar da na zana wadda na gani a jikin mata a biki da coci da gidan suna har ta gundure ni. Sai dai duk furannin nan babu ko ɗaya da ke tsirowa a ƙasa. Daga kanmu muke ciro su, kuma babu wanda ya taɓa tambaya.

Shekarar da aka rufe masaƙa ita ce muguwar shekara. Ba a yi mana sallama ba, mun zo da safe ne muka tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi yana kawar da kai. Kakuri ta yi tsit kamar an yi rasuwa. Mai shayi ya tashi, masu abincin bakin ƙofa suka watse, ɗakunan haya suka koma kango. Baba Okoro ya buɗe ɗan shagon gilas da firam a Sabon Tasha. Ni kuwa na ɗauki gwangwanayen fenti na shiga gari: allon kantin magani, bayan tifa, bangon gidan abinci. Wanda ya saba zama gaban tebur da fanka a kansa, sai ga shi bisa tsani a tsakar rana, ana ce masa ya ƙara wa kaza girma.

A wannan yawon na samu aikin ƙawata bangon wata makaranta a Nasarawa. Na zuba musu fure ƙato, irin na atamfa, ina jin na burge. Wata malama ta fito daga aji da alli a hannu, Hajiya Rabi, mai koyar da ilimin halittu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni sunan tsiron. Na ce fulawa ce.

"Malam Tanimu," in ji ta, "ganyen na rogo ne, furen ya ɗauko kuɓewa, ga shi yana naɗe bango kamar wake. Yaran nan za su taso suna zaton Allah ya halicci wannan."

Ta ce in ina iyawa, tana son hotunan tsirrai na gaskiya da za ta riƙa ratayawa a aji. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, kamar yadda kuke cewa.

Kuɓewa ta fara ba ni. Na zana ganye biyu suna fuskantar juna a kan kara, domin haka ya fi daidaito a idon mai zanen atamfa. Ta dawo mini da shi. Ta kai ni bayan aji ta nuna mini: ganye ɗaya nan, ɗaya can sama ta wancan gefen, bi da bi. Na gyara. Ta dawo da shi saboda jijiyoyin ganye. Na gyara. Sai fure. Furen kuɓewa da safe yake buɗewa, kafin rana ta karya ya naɗe kansa ya gama rayuwarsa, gobe wani ne daban. Ranar farko ina fere fensir ya rufe. Haka na koma ɗan koyo ina da furfura a gemu, kuma koyon nan ya fi na farko zafi, domin sai da na kori abin da hannuna ya riga ya haddace.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Fensir mai tauri, buroshi siriri da mai ɗan kauri, fentin ruwa, takarda mai kauri, reza don tsaga fure a ga cikinsa, gilashin ƙara girma, da tsumma jiƙaƙƙe na naɗe gindin reshe. Amma takardar kirki tsada gare ta, kuma ba ta yarda da gyara, in launi ya zauna ya zauna. Da damina takan sha danshi ta lanƙwashe, in ka ajiye ta a lungu fumfuna ta kama ta. Gara ta taɓa cinye mini aikin wata guda. Ba a haɗa launi a hasken ƙwan lantarki, zai yi maka ƙarya, da safe ka ga koren da ka yi ba shi ba ne. Kore kuwa ba ɗaya ba ne. Na zogale daban, na mangwaro daban, bayan ganye daban da gabansa, ganyen da ya tsiro jiya daban da na bara. Wannan gilashin da ke fuskata da ciwon bayan da ke sa ni tashi a hankali, duk kore ne ya ja mini su.

Masu saye kuma nasu daban. Wani zai tsaya gaban hoton tafasa ya ce ai wannan ciyawa ce, akwai ta a bayan gidansu, a zana masa furen Turawa. Wata za ta ce a sauya launin furen ya dace da kujerun falonta. Masu maganin gargajiya sun fi kowa sanin abin da suke so, sai dai su nasu a manna a kwalba ne, rana ta cinye shi cikin wata biyu.

Aikin da nake so ku ji labarinsa ya zo bayan Hajiya Rabi ta yi ritaya. Ta haɗu da wasu matasa masu zane suka shirya baje kolin tsirran gida a wani zaure a Barnawa, kowa da bishiyar da zai bi shekara guda. Ƙa'idar ita ce a takarda ɗaya a ga ganye da fure da 'ya'ya da iri, duk na bishiya ɗaya. Ni ta ba ni ɗorawa. Ta ce yara suna cewa ruwan ɗorawa kullum in suna nufin launi, amma yawancinsu ba su taɓa ganin garinta ba.

Na sha yawo kafin in samu wadda ta cika. A ƙarshen Unguwar Boro na same ta, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, babbar bishiya mai rassa kamar rumfar kasuwa. A gindinta na tarar da wata dattijuwa Bagwariya tana shara, Mama Laraba. Da 'ya'yan bishiyar take daddawa tana kaiwa kasuwar Sabon Tasha, tun tana amarya a gidan. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta dube ni daga hula har takalmi ta ce in dai ba icce zan sara ba, in zauna. Kashegari na tarar ta ajiye mini kututture na zama.

Ganye na fara. Ganyen ɗorawa ƙanana ne jere a tsinke, tsinkayen kuma jere a wani tsinken, sai ka zana ɗari ka duba ka ga ba ka yi rabi ba. Da rani ya shigo ta yi fure, jajayen ƙwallaye suna reto a dogayen igiyoyi. Da yamma suke buɗewa, in rana ta ɗaga sun fara yaushi, don haka daga sallar asuba nake kama hanya daga Makera, keke zuwa mota, mota zuwa ƙafa. Ina zuwa in tarar ƙudan zuma sun riga ni. Mama Laraba ke saƙalo mini furen da doguwar gora, tana mita cewa kowane fure da na tsinke miyar wani ce. Jan nan ya wahalar da ni. In na sa shi da ƙarfi ya zama na tumatir, in na sassauta ya koma na bulo. Takarda nawa na lalata ban ƙirga ba.

Fure ya zube, 'ya'ya suka fito sirara, koraye, suna tsawo. Saura su nuna su yi duhu, in fasa in zana garin da kalwar da ke ciki, aiki ya kammala. Sai wata safiya na tarar da tifa ta juye yashi a gefen gona, ga bulo an jera. Mama Laraba tana zaune a kututturena. Ta ce 'ya'yan mijinta sun sayar da filin tun bara, ita sai jiya ta ji.

Muka je wurin mai kula da ginin tare. Mutum ne mai sauƙin kai, ya saurare mu har ƙarshe. Mama ta roƙe shi ya bari ɗorawar ta nuna ta kwashe ta bana kawai, ba ta neman ta baɗi. Ni ma na buɗe allona na nuna masa inda na bari fari. Ya ce aikin ya yi kyau ƙwarai. Amma mai filin ba ya gari, umarnin da ya bayar shi ne a share wuri a ja katanga kafin ruwa ya sauka, kuma an riga an yi magana da mai injin yanka. Ya ce shi ma ɗan aike ne.

Ranar da aka kayar da ita ina wurin. Ba ta ɗauki lokaci ba. Ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka watse, wuri ya yi haske irin wanda ba ka so. Masu gawayi suna jira da gatura. Na zauna a kan gangar jikinta na zana ɗanyun 'ya'yan a reshen da ke kwance, ana sara a bayana, allon yana rawa a gwiwata. Mama Laraba ta bi rassan tana tsinke 'ya'yan tana zubawa a kwando, ko da yake mu duka mun san ɗanyar ɗorawa ba ta daddawa. Ba ta yi kuka ba.

Na je wa Hajiya Rabi da aiki mai giɓi. Ɗaya daga cikin matasan ya ce in sayo kalwa a kasuwa mana, wa zai sani? Hajiya ta ce kalwar kasuwa kalwa ce, amma sai a rubuta a ƙasa cewa daga wata bishiyar take. Ina cikin tunanin haka, na koma Unguwar Boro ɗauko kwalbar ruwana da na manta. Mama Laraba ta kira ni cikin gida. Ta fito da wani ƙullin leda daga tukunya, ragowar kalwar bara, ta bishiyar, tare da busasshen kwanso guda da ya maƙale a rufin rumbu, garinsa na nan ciki.

"Ara na ba ka, Malam," in ji ta. "In ka gama ka dawo mini da abina."

Na zana su cikin natsuwa, na mayar mata. Baba Okoro ya yi mini firam. Ya tsufa sosai lokacin, hannunsa na rawa in ba a kan abin yankan gilas yake ba. Ya sa gilashinsa ya bi takardar lungu-lungu, ya ce jan bai kai ba. Gaskiya ya faɗa.

An buɗe baje kolin. Mutane sun zo fiye da yadda na zata, 'yan makaranta da iyayensu da masu ɗaukar kansu hoto a gaban aikin mutum ba tare da sun kalle shi ba. Na aika wa Mama Laraba ta zo, ta ce ranar kasuwa ce. A rana ta ƙarshe Hajiya ta ce mini wani Alhaji ya sayi ɗorawar, yana so in je in rataya masa da kaina.

Direbansa ya ɗauke ni, firam a kan cinyata. Muka wuce Sabon Tasha, muka shiga Unguwar Boro. Da muka bar kwalta na fara gane hanya: ga injin niƙa, ga cocin da ba a gama rufinsa ba, ga kwanar da nake sauka. Motar ta tsaya gaban sabuwar katanga, aka buɗe ƙofar ƙarfe. Tsakar gidan duk an shafe ta da siminti, ko tsinken ciyawa babu.

Alhajin ya tarbe ni da kansa, mutum mai fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa. Ina auna bango ina buga ƙusa yana ba ni labari. Ya ce da ya ga hoton sai da ƙwalla ta zo masa, domin a ƙauyensu akwai ɗorawa a bayan gidan kakarsa, suna yara sukan sha garinta har bakinsu ya rine. Ya ce abin takaici, yanzu duk Kaduna ba ka ganin irin bishiyoyin nan, mutane ba su san darajarsu ba. Ya tambaye ni a wane daji na samo wannan.

Na gama daidaita firam ɗin tukuna, na sauko daga kujera. Na nuna masa ta taga.

"Alhaji, a nan take. Daidai inda motarka take tsaye."

Ya kalli motar, ya kalli hoton. Ya ce shi a takarda ya sayi filin, bai taka shi ba sai da aka kai ginin linta. Ya ce share wuri kawai ya ce a yi. Na ce na sani, haka aka faɗa mana. Ana jin janareto yana ƙugi a bayan gida. Can ya tambaye ni ko za a samu irinta, ita wannan ɗin, ya fasa simintin ya shuka. Na gaya masa ɗorawa ba mangwaro ba ce, mai shuka ta da wuya ya ci moriyarta sosai. Ya ce ko jikoki su gani. Na ce akwai wadda zan tambaya.

Ban bi direba ba, da ƙafa na taka zuwa gidan Mama Laraba. Na same ta a bakin murhu, tana dafa kalwar da ta sayo a kasuwa, wadda ake kawowa daga nesa. Ta ce ba ta laushi da wuri kamar tata, itace kawai take ci. Na zauna na faɗa mata duk yadda muka yi da Alhaji, har da fasa siminti. Na tambaye ta ƙullin nan da na mayar mata.

Ta ci gaba da tura itace cikin wuta. Ta ce ta ajiye shi har damina ta yi nisa, tana cewa za ta shuka, sai ta duba ta ga ba ta da ƙasar da za ta sa shi, gidan da take ciki ma ana maganar sayarwa. Ran nan jikokinta suka zo, babu abin kaɗa miya.

"Na dafa ta, Malam. Ita ce ta ƙarshe, ta kuwa yi daɗi."

Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan guntun daddawa naɗe a ganye, ragowar wannan ɗin, ta sa mini a hannu ta ce in kai wa maiɗakina. Na tambaye ta me zan ce wa Alhaji. Ta ce in ce masa ya sayi kalwa a kasuwa, duk ɗorawa ɗorawa ce ga wanda bai zauna a gindinta ba.

Haka na faɗa masa. Na ji an ce ya shuka wani abu a gefen katanga, ban je na gani ba, ƙafafuna ba sa son hanyar nan yanzu. Daddawar kuwa a miyar kuka aka sa mana ita a daren, muka ci da tuwon masara, na sa aka ƙara mini.